Kafaɗa da Kayan Alhaji Firajil

Ranar Talata, tara ga watan nan, bayan azahar, Wanda Ya ba mu aron Kafaɗa Ya karɓi abinSa. Gare Shi dukkanmu za mu koma. Na ajiye alƙalami tun da aka rufe makarantar da nake koyar da Turanci na dawo mai duba kaya a sito, amma kai ba zan bari mutuwarka ta wuce shiru ba.

Kafaɗa, kai ne babban 'yan dakon siton nan tun kafin in zo. Ranar da na fara aiki, sanye da takalmina mai sheƙi, kowa dariya yake yi ciki-ciki. Kai ka jawo mini benci, ka raba abincinka biyu, ka ce, "Zauna, Ticha. Wanda ya faɗo daga bishiya ba a tambayarsa me ya kai shi." Ba ka taɓa tambayata ba kuwa. Sau da yawa na ga ka karɓe buhu daga abokin aikinka mai ciwon baya, kana zaginsa da rago don kada ya ji nauyin yi maka godiya.

Kwalayen da ke zuwa da jan rubutu a jiki, ku 'yan dako kuna ce musu kayan Alhaji Firajil. Kun ɗauka sunan wani attajiri ne, kuna sauke su kamar jarirai don tsoron ranar da zai zo da kansa. Da na gaya maka kalmar Turanci ce, tana nufin abu mai saurin fashewa wanda ba ya jure wuya, ka yi dariya har da hawaye. "Ashe shekara da shekaru tangaran nake durƙusa wa." Daga nan komai ya zama firajil a bakinka: ƙwai, haƙurin direbobi, zaman lafiyarka da surukarka. Ka ce ni ma haka nake, a riƙa juya ni a hankali.

Bara na raka ka asibiti. Likita ya duba hoton ƙirjinka, ya juyo wajena yana Turanci kamar ba ka wurin, har ya faɗi kalmar. Ba ka jira fassara ba.

"Ticha, wannan dai na ji. Yau ni ne kwalin?"

Zuciyarka ce. Likitan ya ce ka daina ɗaukar kaya masu nauyi.

Abu ɗaya ka roƙa: kujerar gadi ta bakin ƙofa, wadda mai ita ya bari. Kana so ka rayu ka ga autarka ta gama makaranta. Ni na shiga ofishin manaja na yi masa bayani da Turancin da na ƙare ƙuruciyata wajen koyonsa. Ya saurare ni yana juya biro, ya ce, "Ai Ticha, ka fi ni sanin kalmar nan tana da faɗi. Kamfanin ma firajil ne a bana. Baba ya ƙara haƙuri." Bai yi ƙarya ba. Ana faɗinta ga sulhu, ga kasuwa, ga tattalin arziki. Ni da kaina na koyar da haka a aji. Ba a jima ba muka ga ƙanin matar manajan zaune a kujerar.

Ka koma dako, domin haƙuri ba ya cika tukunya. Ranar Talatar kana sauke wani ƙaton madubi daga tirela ƙirjinka ya riƙe. Waɗanda ke wurin sun ce sai da ka durƙusa ka jingine shi da bango, sannan ka kwanta. Da manaja ya leƙo ta taga, abin da ya fara tambaya shi ne ko madubin ya tsage. Bai tsage ba.

Manajan ya zo gaisuwa, ya ce rai a hannun Allah yake. Haka ne. Kujerar ce take hannunsa.

Allah Ya jiƙan ka, Kafaɗa, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya ba ka hutun da aka hana ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwar 'ya'yanka, da autarka, da 'yan dakon da suka ɗauke ka zuwa gidanka na gaskiya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Manaja kuwa ban yi masa addu'a ba, ban kuma yi masa baki ba. Na bar shi da Wanda ba Ya buƙatar tafinta.