Motar da Muka Tayar a Bayan Garin Guangzhou

A wani gidan abinci na unguwar Xiaobei da ke Guangzhou na fara saninsa, inda 'yan kasuwarmu suke taruwa bayan sallar Juma'a su ci shinkafa da naman rago. Ni ɗan Kano ne, kayan gyaran mota nake saya ina aikawa gida. Shi kuwa mutumin Maraɗi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, yana da ɗan ofis a benen Tianxiu inda yake haɗa wa mutane kaya a kwantena. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce min ɗan Kano. Kafin ya zo China bakanike ne a Kwatano, kusa da tashar jiragen ruwa, can ya saba da motocin Amurka. In aka tayar da zancen inji, sai abincinsa ya huce bai sani ba.

Wata Lahadi ya ce in raka shi in ga wani abu. Muka hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi, muka ƙarasa a bas, muka shiga wani gareji mai rufin kwano. A can lungu ya yaye tamfol. Wata tsohuwar motar Amurka ce, irin ta shekarun saba'in, ƙofa biyu, dogon hanci, faɗinta kamar gado. Fentin ya koɗe ya koma kalar ganyen kuka, tayoyin duk sun zauna, ɓera ya yi gida a kujerar baya.

Na ce, "Yaya, wannan ai gawa ce."

Ya ce, "Suma ta yi. Buɗe bonet ka gani."

Na buɗe. Injin silinda takwas ne, ya cika wurin taf. Ya ɗora tafin hannunsa a kai kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Mai garejin wani dattijon Basine ne mai yawan shan shayi, laoban muke ce masa, wato maigida. Ya gaya mana gaskiya tun farko: irin wannan mota ba za a ba ta lamba ba, ba za ta hau titi ba har abada. Sai dai a ɗora ta a babbar mota a kai ta filin tsere. Na ɗauka wannan zai sa Yaya ya haƙura. Sai ya juyo ya ce min, "Mu haɗa hannu mu saye ta." Har yau ban san abin da ya sa na amsa ba. Ina jin kaɗaici ne. Iyalina suna Kano, kuma ranar Lahadi a garin nan tsawo gare ta.

Muka shiga aiki. Duk Lahadi muna can da tsofaffin kaya a jikinmu. Shi ne mai hannu, ni ne mai neman kaya. Na zaga kasuwannin kayan mota da hoton kabureta a wayata, kowane shago a kaɗa min hannu a ce "meyo", babu. Abin da ba mu samu ba, laoban ya kai mu wata ƙaramar masana'anta aka ƙera mana. Yaya ya sauke injin gaba ɗaya, ya wanke fistin ɗaya bayan ɗaya, ya sa sabon gaskit, ya faɗaɗa salansa, ya canza lagireto saboda zafin Guangzhou ba ya wasa. In na ɗaure ƙusa da ƙarfi sai ya ce, "Dusman, ɗan Kano, dusman." Da Faransancinsu a hankali ke nan. In lokacin azahar ya yi mu shimfiɗa kwali a gefen motar mu yi salla, hannayenmu na warin baƙin mai duk da sabulun da muka sha gogawa.

Ranar da ta tashi ana ruwan sama. Ya murza mukulli ta yi tari, ta yi tari, sai ta ɗauka da wata irin ƙara da ta sa rufin kwanon rawa. Karen garejin ya ruga waje. Laoban ya zubar da shayinsa yana dariya. Yaya ya kifa goshinsa a kan sitiyari, ya daɗe a haka.

Muka yi mata fenti kore mai duhu. Akwai wani filin tsere a wajen gari da ake buɗe wa kowa wasu ranaku, motoci biyu su jera, fitila ta ba da kore, a miƙe zuwa ƙarshen layi. Samarin Sinawa ne suka fi yawa, da sababbin motocinsu masu lantarki da ba sa ko tari. Yawanci su suke wuce mu. Amma in tamu ta zo layi kowa sai ya bar abin da yake yi ya ɗaga waya. Yaya ne yake tuƙi, da hular kwano a kan farin gemunsa. Sau ɗaya ya ci wata jar motar Japan da ɗan ƙiris, ya fito yana rawa kamar ba dattijo ba, yana cewa, "Ka gani hwa! Ka gani!" Yaron da ya kayar ya zo ya rungume shi, suka ɗauki hoto.

Daga baya na fara lura da wasu abubuwa. Zai nemi sifana tana gabansa. Zai kai waya har bakin hancinsa kafin ya karanta saƙo. Wata rana a filin, fitila ta ba da kore, abokin karawarsa ya yi nisa, shi yana tsaye. Da ya tashi kuma, a ƙarshen layi ya bi ta kan robobin da aka jera. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce rana ce ta haske masa ido. Ranar kuwa hadari ne a sama.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Wani ɗalibi Bahaushe da yake karatun likita a nan ya yi mana tafinta. Ciwon suga ne, ya daɗe da shi, ya riga ya taɓa jijiyoyin idon. Suka yi abin da za su iya. Idon hagu ya tafi, na dama ya rage kamar mai kallo ta cikin labule.

Lahadin da ta biyo baya ya miƙo min mukullin ya ce, "Kai za ka ja ta." Ni ban iya ba. Motar ta mutu min a layi, mutane suna kallo. Aka bar shi ya zauna a gefena a zagayen gwaji. Ya rufe ido yana saurare. "Yanzu. Sa giya. Kada ka ji tsoronta, taka totur." Da muka tsaya ya ce na yi ƙoƙari, amma na ga yadda hannunsa yake motsi a kan gwiwarsa, yana canza giyar da ba ta hannunsa.

Aikin kwantena aikin ido ne, dole ya rufe ofis ya koma gida. Na raka shi filin jirgi, na riƙe masa hannu har inda aka hana ni wucewa. Na ce zan sa motar a kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu in aika masa ta Kwatano. Ya ce, "In yi me da ita? In zauna a ciki in sha iska? Bar ta inda ake gudu da ita."

Yana Maraɗi muna waya. Wani lokaci ya ce in tayar da motar in kara masa wayar. Sai ya saurara, can ya ce fulogi ɗaya ba ya ci, in duba na baya ta dama. In na duba haka ne. Sannu a hankali muryarsa ta riƙa raguwa, ciwon ya kai ga ƙoda. Kiran ƙarshe bai tambayi motar ba. Ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, ya ce in daina barin su shekara guda ba su gan ni ba.

Babban ɗansa ne ya kira ni wata safiya ina shago, ana ɗaure min kwalaye. Ya ce, "Baba, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, har an kai shi." Na zauna a kan kwali. Mai shagon tana ta yi min magana, ban san me take cewa ba.

Da na gaya wa laoban, ya cire tabarau ya goge. Ya tambaye ni me Musulmi suke yi wa mamaci. Na ce addu'a da sadaka. Washegari sai ga shi a Xiaobei da buhun shinkafa a kafaɗa, wai in kai inda ya dace.

Motar tana da haƙƙin marayu a ciki, ba zan riƙe ta ba. Wani mutum daga wani lardi ya saye ta, na aika wa iyalan Yaya rabonsu. Ranar da aka zo ɗaukarta ni na hau da ita kan babbar motar, ban bari kowa ya taɓa sitiyarin ba. Suka ɗaure tayoyin, suka fita ta ƙofar garejin, suka karya kwana. Laoban ya ce in zauna in sha shayi. Na zauna na sha, har bas ta zo.