Tsintsiyar Malam Tsaf

A ofis Malam Tsaf ake ce masa, a gida kuwa ko safarsa sai matarsa ta nemo masa a ƙarƙashin gado. Sana'arsa gina wa 'yan kasuwa shafin intanet, a wani ɗaki mai tebur uku da fanka mai kukan tsufa.

Abin da ya tsana a duniya shi ne tarkace a cikin kwamfuta. Duk sanda na'urar ta gama harhaɗa aiki, sai ta zubo fayiloli wuri guda, hotuna da rubutu da komai a cakuɗe. Shi ne ya zauna ya rubuta wani ɗan jerin umarni, ya raɗa masa suna Tsintsiya. Da ka danna, kowane fayil ya nufi foldarsa, abin da ya rage a share, aiki ya tafi shafin mai shi. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa Tsintsiya, har mai gyaran fanka bai tsira ba.

Wata safiya matarsa ta miƙa masa tsohuwar wayarta da ke shirin mutuwa.

"Baban yara, hoton Inna ne a ciki. Shi kaɗai ya rage mini tun rasuwarta. Ka wanko mini shi, don Allah kar ka yi halinka."

"Haba! Ni?"

Da ya isa ofis ya kwashe hoton zuwa kwamfuta, kuma saboda gaggawa ya jefa shi a foldar da ya tarar a buɗe, ta aikin wani mai sayar da takalma. Wayar ta mutu murus. Da azahar gogan naka ya danna Tsintsiya yana fito.

Sai da ya zo wanke hoto ya ga wayam. Ya duba ko'ina, ban da shafin mai takalma. Ya koma gida ya faɗi gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta ajiye masa abinci ta shige ɗaki, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Washegari kafin ya fita, sai ga kiran mai takalma.

"Malam, wace tsohuwa ce ka jera mini tsakanin silifas da kambas? Mutane sai tambayar irin takalmin ƙafarta suke yi!"

Ashe Tsintsiya ba ta share Inna ba. Ta ga hoto ne, ta kai shi ɗakin hotuna.

Ya buɗe shafin a wayarsa ya miƙa wa matarsa. Ga Inna nan zaune a kan tabarma, tana dariya, an rubuta "sabon shigowa" a ƙasanta. Matar ta ƙyalƙyale da dariya har hawaye suka zubo, hawayen kuma suka ƙi tsayawa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ka ce masa ya bar ta zuwa yamma. Inna dama akwai son kasuwa."