Takardar da Na Karanta wa Masu Fata

Shekarar da Turawa suka haɗe ƙasarmu da ta Kudu, ni ne mai karanta wa fatake takarda a zangon Tudun Wada. Ba sarauta ba ce. Ajami kawai na iya, kuma ba a taɓa kama ni da ƙari ko ragi ba. In aka ce "Malam ya karanta", to magana ta ƙare. Da wannan nake taƙama, don ban da shi ko akuya ban ajiye ba.

Wata Laraba da hantsi tafintan Bature ya kawo mini takarda. Aminina ne, tare muka sha bulala a makarantar allo, akushi ɗaya muke ci. Ya ce shi ya juyo ta daga ta Bature, in karanta wa masu fata.

Na tara su, na buɗe murya. Hanya ta buɗe har bakin teku, ba mai tare kaya a tsohuwar iyaka. Kowane ɗauri a rubuta masa sunan mai shi. Daga nan sai "tammat", kalmar da muke rufe rubutu da ita.

Madugunsu, wani dattijo daga Gyallesu, ya ce, "Malam, iyakarta ke nan?"

Na ce, "Iyakarta ke nan, Baba. Ga tammat, duba."

Aka shafa fatiha. Kowa ya baza fatunsa a ƙasa cikin rana yadda aka gada, sai surukin tafinta kaɗai ya kafa rumfa yana rataye nasa a inuwa. Mun sha yi masa tsiya, wai yana tsoron kada akuyar ta yi zazzaɓi.

Suka loda a jirgin ƙasa suka tafi. Bayan wata biyu suka dawo wuya ya yi tsawo. Ashe a takardar Bature akwai magana ta uku: fatar da aka shanya a ƙasa ba za ta hau jirgin ruwa ba. Nasu suka ruɓe a can. Na mutum ɗaya ne suka wuce.

Na tarar da aminin nawa a zaurensa, na tuhume shi. Ko kai bai sunkuyar ba. Ya ce, "Haba Malam, ai kai ba ka yi ƙarya ba. Abin da ke rubuce ka karanta." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ya san da shi ya faɗa sai an bincika, shi ya sa ya ari bakina ya ci albasa.

Ba wanda ya zage ni a zango. Bayan kwana kaɗan madugu ya kawo mini wasiƙar ɗansa, na karanta masa, ya yi godiya har da addu'a. Sannan ya tsallaka gindin tsamiya, ina kallo, ya miƙa wa wani malami ya sake karanta masa.