Gwiwar Da Na Miƙa Wa Kawu

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina buga lamba bakwai a wata ƙaramar ƙungiya a gabashin Turai. Ni ba shahararre ba ne, kada mai karatu ya zaci ya taɓa ganina a gidan kallo. Amma a Talata Mafara, inda na fara ƙwallo ba takalmi a filin firamare, ana ji da ni. Gudu ne jarina, kuma wata babbar ƙungiya ta riga ta fara tambaya a kaina.

Ana gab da rufe kakar wasa na juya da ƙwallo a jiƙaƙƙen fili, ƙafa ta kafe, jiki ya wuce. Likitan ƙungiya ya ɗauki hoto ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, sai an yi tiyata, kuma in na bi ƙa'ida zan koma fili. Aka ce a jira kumburi ya sauka. Na roƙi a bar ni in je in ga mahaifiyata kafin ranar tiyatar, suka yarda bisa sharaɗin kada kowa ya taɓa ƙafar.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne 'yan dubiya. Kawuna, yayan mahaifiyata, mai ɗori ne a Bakura, gadon gidansu ne, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu har ya aurar da ita. Duk wanda ya shigo, in an gama doguwar gaisuwa, sai ya kalli sandunan da nake dogarawa ya tambaya ko Kawu ya gani. Wata tsohuwa ta ce abin kunya ne a ji jinin gidan ɗori ya kai wa Turawa ƙafa su yanka. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa in je ba. Ta dai ce ba ta san da wane ido za ta sake shiga Bakura ba.

Ƙarshe Kawu ya zo da kansa, da dattawa biyu a bayansa. Ya latsa gwiwar ya ce gocewa ce kawai, ya gyara wadda ta fi ta muni. Na san ba haka ba ne, hoton ma yana cikin wayata. Na buɗe baki, na kalli furfurarsa, na kalli mahaifiyata a bakin ƙofa, sai na sunkuyar da kai na miƙa ƙafa. Aka danne ni, ya ja, ya murɗa, na ji wani abu ya sake ɓallewa a ciki. Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ɗaure da kara, ya ce kada a kwance sai ya ba da izini. Ranar tiyata ta zo ta wuce ina kwance a tabarma, ƙungiya na kira, ni kuwa na kashe waya don ban san me zan ce musu ba.

Da na koma Turai, likita ya sake ɗaukar hoto, ya daɗe yana kallo. Ya ce guringuntsi ya yage, gwiwar ta sandare, za su yi aikin don in riƙa tafiya, amma in manta da gudu. Shugabannin ƙungiya ba su sabunta kwantiragina ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yau ina sayar da takalman ƙwallo da riguna a kasuwar Talata Mafara, Sallah kuwa a kan kujera nake yi, sahu ɗaya da tsofaffi.

Shi Kawu har kwanan baya ya yi imani shi ya ceci ƙafar, tunda ga ni ina takawa. Da sunana yake kafa hujja, mutane na zuwa masa daga Damri, daga Maradun. Na yi shiru shekaru. Bara wani mutum ya same ni a shago, ɗansa ya ji ciwo a gwiwa wajen ƙwallo, yana neman kwatancen gidan Kawu. Na ce masa in karaya ce ya je, hannun Kawu gaskiya ne, amma gwiwa sai an fara ɗaukar hoto a asibiti. Na kuma ba shi labarina duka.

Maganar ta koma kunnen Kawu. Ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwata, mahaifiyata ta sha kuka. Da Babbar Sallah na je na durƙusa iya yadda gwiwar ta bari, ya yi mini faɗa son ransa, sannan ya sa aka kawo mini fura. Shi ke nan, magana ta wuce.

A hanyar dawowa ne na ji baƙin cikin da ban ji ba ko a gaban likita. Ina kira ga matasa, musamman masu ci da ƙafarsu, ku girmama manya, amma in kun san gaskiyar ciwonku ku faɗe ta cikin ladabi, ko a gaban wa. Fushin da na ji tsoro har na ba da gwiwata a kansa, ko damina ɗaya bai kai ba.