Inna Mai Kyandir da Ɗan Riƙon da Mijinta Ya Bari

A babban yatsanta na dama akwai ɗan tabo fari, irin wanda kakin kyandir kan bari idan ya yi shekaru yana ɗiga wuri ɗaya. Ita ke fara isowa ɗakin gwaje-gwaje. Ta goge tebur, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta buɗe akwatin ɗumi ta fito da babbar kwalba. Ta duba farantan gilashin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ta mayar, ta kunna guntun kyandir a tsakiyarsu, ta rufe. Ba ta gusawa sai wutar ta rage iskar kwalbar ta mutu da kanta. Daga nan ɗalibai suka raɗa mata Inna Mai Kyandir.

Abin da take kiwo a farantan shi ne ƙwayar cutar nan da ke zama a cikin mutum, ta haddasa gyambo, wani lokaci har da sankara. A ciki tana da taurin kai, amma a waje iskar da muke shaƙa in ta yi mata yawa kashe ta take yi. Dakta, shugaban ɗakin, ya daɗe yana bin tambaya ɗaya. Jiki kan watsa wa ƙwayar wani sinadari mai ƙuna, ita kuma ta kare kanta da garkuwa. Shin gadon mugunta da wasu irinta ke ɗauke da shi ne yake ƙara wa garkuwar kauri? Ba a samun amsa sai da ƙwaya mai rai, riƙe ta da rai kuwa aikin Inna ne. Sunanta bai taɓa fitowa a takardun binciken ba.

Ɗalibai kan tsokane ta, su ce Inna ya yaran, sun yi kalaci? Ta ce sun fi su jin magana, ko ba komai ba sa yi mata surutu a kai.

Faranti ɗaya ne ba a yi mata wasa da shi. Irin da ke cikinsa ya fi kowanne mugunta, a kansa binciken ya tsaya, kuma ajiyarsa ta firiza ta lalace tuntuni. Kaɗan ne suka san daga cikin wa aka ɗebo shi. Mijinta direba ne. Ya yi shekaru yana dafe ciki yana cewa yunwar hanya ce, da aka leƙa cikin a asibiti kuwa abin ya riga ya wuce gyambo. Shi da kansa ya yarda a ajiye abin da aka ɗebo. Ya ce da ita cikin raha, tunda ta iya kiwo, ga ɗan riƙo nan ya bar mata. Bai ga ƙarshen shekarar ba.

Wata safiya mai sanyi wutar lantarki ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, mai gyara ya ce sai an nemo wani ƙarfe daga nesa. Akwatin ɗumi ya fara hucewa, ƙwayar kuwa ba ta saba da komai ba sai ɗumin jikin mutum. Waɗanda ke wurin sun ga Inna ta ƙara ɗaure murfin kwalbar, ta ɗora ta a cikinta, ta tamke da mayafi, ta nemi kujera a kusurwa ta zauna kamar mai tsohon ciki. Ba wanda ya yi dariya. Da rana 'yarta ta kawo mata abinci, ta tsaya a ƙofa tana kallonta.

"Inna, abin da ya cinye Baba ne kika ɗaura a cikinki?"

"In ya mutu yau, ya tafi da sirrinsa," in ji ta. "Sai ya faɗa mana yadda ya yi tukuna."

'Yar ta ajiye kwanon, ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da gwiwar uwar. Haka suka wuni har aka tayar da injin. Ƙwayar ta rayu.

Inna, ke ce uwar riƙon abin da ya raba ki da miji. Ke ce kika ciyar da maƙiyi da hannunki, don kada wata ta zauna inda kika zauna. Mun gode, Inna. Duk mai ɗan aiki a lungun da ido ba ya kaiwa, ya riƙe shi kamar yadda kika riƙe kwalbar nan.

Yanzu ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ritaya ta zo. Amsar da take jira ba ta kammala ba. A ranar sallama, Dakta ya ce an yi nisa amma da saura, bai iya haɗa ido da ita ba. Tun yana cikin jawabi ta jawo sabuwar ma'aikaciyar da za ta gaje ta zuwa wurin akwatin, ta miƙa mata ashana. Karon farko ke nan da wani hannu ya kunna kyandir ɗin. Inna ta tsaya har wutar ta mutu a cikin kwalbar. Ta ɗora tafin hannunta a kan murfin, ta ɗan jima a haka. Sannan ta ɗauki jakarta, ta bi ta bayan masu tafa wa jawabin, ta jawo ƙofar a hankali.