Fuskar Alvin, Sunan Royce

Duk mai zuwa shagon Gus Manolis a Youngstown ranar Asabar ya san Alvin Petrak, dogon tsohon nan mai manyan kunnuwa wanda hannunsa na dama ba ya miƙewa sosai. Gus tsofaffin katunan 'yan wasan besbol yake sayarwa, irin waɗanda a da ake sakawa cikin ƙunshin cingam, hoton ɗan wasa a gaba, tarihin wasanninsa a baya. Masu tara kati kowa da irin haukansa. Wani 'yan kulob ɗaya yake bi, wani sai masu jifa da hagu, wani kuwa in kusurwar kati ta ɗan lanƙwashe ko kyauta ba ya so. Haukan Alvin ya fi na kowa ɗaure kai, domin kati ɗaya tak yake saya: na Royce Tillery, bugun 1959. Mai tabon kofi, wanda ya sha ruwa, wanda yara suka maƙala a wayar keke har ya ƙoƙe, duk a kawo masa. Ya cika kwalayen takalmi huɗu da shi.

"Ga masoyin Royce ya iso!" in ji Gus da zarar ya hango shi. "Na samo maka biyu, amma ɗaya kare ya ɗan tauna."

"Kawo shi nan. Karen ya fi ka sanin abu mai daraja."

Royce Tillery sananne ne, shekara goma sha huɗu ya yi yana jifa a babban lig, wato gasar manyan kulob, ya ci wasa fiye da ɗari. Sunansa ne a katin, lambar rigarsa ce, tarihinsa ne a baya. Amma saurayin da ya ɗaga hannu yana shirin sakin ƙwallo, hula ta rufe masa rabin goshi, Alvin ne.

Ɗan ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne Alvin, kuma da dunƙulen gawayi ya koyi jifa a bayan tashar jirgin ƙasa. Shekara huɗu ya yi yana gararamba a ƙananan kulob, yana barci a zaune cikin bas, kafin aka kira shi atisayen babban kulob a Florida yana da shekara ashirin da uku. Ranar da mai ɗaukar hoto ya zo, sunan Alvin ba ya cikin takardarsa, don ba a yi wa sabon shiga kati sai ya nuna zai zauna. Royce kuwa mutum ne da in bai tsokani wani ba abinci ba ya yi masa daɗi. Ya yafito Alvin.

"Kai ɗan ƙarfe, zo. Mai hoton nan bai san kan kowa ba. Ungo rigata, je ka tsaya mu ga ko zai gane."

Tsawonsu ɗaya, dukansu da dama suke jifa. Alvin ya zura rigar, ya danno hula, ya ɗaga hannu, sauran 'yan wasa suna bayan mai hoto suna toshe baki. Da katin ya fito sai da wasu suka kwanta a ƙasa don dariya, aka kuma yi alkawarin kowa ya ja bakinsa kada koci ya ji.

"Kwantar da hankalinka," in ji Royce yana dukan kafaɗarsa. "Baɗi za a yi naka, ni kuma in tsaya maka. Ka ga ka samu kyakkyawar fuska a banza."

Baɗin ba ta zo ba. A watan Yuli, a wasansa na goma sha ɗaya, Alvin ya saki ƙwallo ya ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannunsa kamar igiyar shanya. A zamanin babu likitan da ke ɗinke irin wannan. A lissafin masu jifa ya ci wasa ɗaya, an ci shi biyu, sauran ba a rubuta su da sunansa ba, iyakar abin da ya samu ke nan. Ya koma gida ya shiga masana'antar da ta cinye ubansa, ya yi shekara goma sha takwas a gaban wuta har ranar da aka rufe ta, sannan ya koma tuƙa motar 'yan makaranta.

Matarsa Verna ce ta tsinci katin farko, a gwanjon tsofaffin kaya na cocinsu. Ta kawo shi gida tana dariya har da hawaye.

"Su rubuta sunan da suka ga dama. Kunnuwan nan ko a cikin taron dubu na gan su na san nawa ne."

Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka zama su biyu da labarin. Alvin yakan ba da shi a wurin aski da bayan an tashi daga coci, mutane su yi irin murmushin nan da ake yi wa tsoho in ya fara zancen ƙuruciya. Gus ma, da suka yi shekara ashirin suna shan kofi tare, rabi ya yarda. Abin yana ci wa Alvin rai, ko da yake ba ya nunawa.

Akwai wani ƙaton kundi da masu tara kati suke ji da shi, ana sabunta shi duk shekara, kowane kati da layinsa. Inda aka taɓa samun kuskuren hoto, sai a ƙara 'yan kalmomi a ƙasa: hoton wane ne. Wannan ɗan layin shi ne duk burin Alvin. Ba kuɗi yake nema ba, ba hira da 'yan jarida ba. Ya rubuta wa masu kundin, suka amsa cikin ladabi cewa sai da shaidar mai hoton ko ta Royce, a rubuce da sa hannu. Mai hoto ya daɗe da rasuwa. Royce kuwa yana nan garau, yana yawon bajekolin kati yana rattaba hannu a kan ƙirjin Alvin.

"To ka rubuta masa mana," in ji Verna.

"In roƙe shi? Ya san abin da ya yi. In yana da kunya ya faɗa da bakinsa."

"Kai dai taurin kan nan naka sai ya kai ka ƙasa."

Gaskiyarta, taurin kai ne tsagwaronsa, kuma ya ci masa shekara kusan talatin. Wasiƙa guda ɗaya da ta kashe maganar tun Royce yana da ƙarfinsa, amma Alvin ya gwammace ya riƙa saye katin yana ɓoyewa a kwali, kamar zai iya kwashe su duka daga duniya.

Verna ta rasu a 2003. Bayan an watse daga jana'iza ya zauna a kicin ya lissafa waɗanda suka yi dariya a bayan mai hoto ran nan, ya ga kusan duk sun riga shi. Babu sauran wanda zai kalli katin ya kira shi da sunansa. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa zai mutu saurayin nan ya zama Royce har abada. Ya ɗauki biro ya rubuta wa Royce layi uku, ya ce akwai tsohuwar magana a tsakaninsu, yana so su gana.

Amsar daga 'yar Royce ta zo, Charlene. Ta ce mahaifinta yana gidan kula da tsofaffi kusa da Knoxville, ba ya iya karatu yanzu, amma ya zo da safe, lokacin ne kansa ya fi zama daidai. Gus ya buga masa takardar shaida tsaf, saura wurin sa hannu kawai.

"In ka dawo da ita, ni da kaina zan manna hotonka a ƙofar shago," in ji Gus. "Ko da zai kori masu saye."

Tafiyar awa takwas ce, ya raba ta kwana biyu saboda hannun. Charlene ta tarye shi a bakin ƙofa, mace mai fara'a wadda gajiya ta zauna mata a ƙarƙashin ido.

"Mista Petrak, kada ka ji haushi in bai gane ka ba. Wata rana ni ma nas yake kira na."

Royce yana zaune a kujera kusa da taga, bargo a cinya. Ƙaton nan mai muryar da ke cika fili ya zama ɗan tsurut. A hannunsa akwai kati cikin leda, kuma tun daga ƙofa Alvin ya gane shi.

"Na kawo masa katunansa duka goma sha huɗu," in ji Charlene a hankali. "Ya ture sha uku, wai bai san mutanen ba. Wannan kaɗai yake cewa shi ne. In ya rikice yana kuka yana neman hanyar gida, shi nake damƙa masa, sai ka ga ya natsu. Bari in kawo maka kofi."

Ta fita. Alvin ya jawo kujera ya zauna, ya fito da takardar da biro ya ɗora a gwiwa. Ya yi ta maimaita maganar a mota, wata da zafi, wata da raha, yanzu duk sun gudu.

"Royce, ni ne. Ɗan ƙarfe."

"Sannu da zuwa," in ji Royce, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.

"Ka tuna Florida? Ranar hoto? Ka cire rigarka ka ba ni, ka ce in je in tsaya. Wannan da ke hannunka ni ne, Royce. Dubi kunnuwan."

Royce ya dubi katin, ya ɗago ya dubi Alvin, ya sake duban katin. Ya daɗe a haka. Ya ƙanƙame ledar. Ya waiga yana duban bango da gado da ƙofa, numfashinsa yana sama-sama.

"To in ba ni ba ne," ya ce da wata ƙaramar murya, "ni ina nake?"

Alvin ya yi shekaru yana jin haushin mutumin nan, ya kwana da shi ya tashi da shi. Ya laluba a zuciyarsa ya rasa ko ɗigo, sai tausayi kawai. Hannun Royce har yanzu ya iya sa hannu, Charlene ta faɗa a wasiƙa cewa ko takardar goge baki aka miƙa masa sai ya rattaba. Miƙa biron kawai ya rage. Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa, ya tura ta aljihu.

"Kai, wasa nake maka. Kai da ka fi kowa tsokana, yau an rama ka tsorata? Kai ne mana. Wa ke da tsayuwa irin wannan in ba kai ba?"

Royce ya tsura masa ido, sannan a hankali kafaɗunsa suka sauka. Ya shafa ledar da babban yatsa, murmushi ya dawo masa.

"Na yi kyau a nan, ko?"

"Duk kulob babu kamarka."

"Hannun nan kuwa wuta ne a lokacin."

"Wuta ne," in ji Alvin. "Na gani da idona."

Charlene ta shigo da kofi ta tarar da su suna kallon katin tare, ta ce rabon da ta ga babanta da walwala haka tun Kirsimeti. Ta tambayi Alvin wace tsohuwar magana ce ya ambata a wasiƙa, ya ce ba komai, zumunci ne kawai. Ya shanye kofin duk da zafinsa, ya miƙe. Royce ya kama masa hannun riga.

"Bawan Allah, kai ma ka yi wasa?"

"Na ɗan taɓa. Mai jifa ne ni."

"An yi maka kati?"

Alvin ya dubi saurayin da ke cikin ledar, hannunsa a sama, lafiya lau, bai san Yuli na zuwa ba.

"A'a," ya ce. "Ba a yi mini ba."