Kawu Buba da Garwashin Mutane

Duk wanda ya san Kawu Buba na Danchadi ya san karan sigarin nan da ke maƙale a bayan kunnensa, ya kuma san bai taɓa sayen ashana ba. Wallahi ko sau ɗaya! Gidan da ya hango hayaƙi, nan zai yi sallama, ya zaro garwashi, ya hura, ya kunna abinsa.

Na ce, "Kawu, ashana fa ba ta da tsada."

"Ni in sayi wuta, ɗan nan? Mi ya yi zahi?"

Da ma'aikatan lafiya suka zo kasuwar Bodinga da na'urar gwajin huhu, suna kiran masu shan taba su hura ko ba sa jin ciwon komai, na yi ta lallashinsa. Ya ce, "Ka ji ina tari? Ni da nika noman albasa da hannuna!"

Sai ga Malam Garba na Kajiji, abokin wasansa, yana cika baki wai ya hura har an yaba masa. Shi ke nan! Kawu ya zuƙe kara biyu a jere, wai yana ɗumama ƙirji. Ya kama bututun ya hura har hularsa ta faɗi.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, huhunka ya fara rauni. A bar taba tun tari bai zo ba."

"Ɗiyata, Garba ne ya cika injin da iska, tawa ta rasa wurin shiga."

Kowa ya yi dariya, amma ni hankalina ya tashi, don na ga yadda ya dafa bango kafin mu kai tasha.

Wata safiya a fadama ya zaro garwashi daga toka. Ya hura, ya sake hurawa, wuta ta ƙi tashi. Ya zauna yana haki. Na miƙa masa ashana. Ya dube ta, ya dube ni, ya mayar da karan bayan kunne.

Tun ranar bai ƙara sha ba. Wanda ya tambaya sai ya ce, "Ba likita ya hana ni ba. Ashana ce ba ni saye."

Ya ƙara shekaru a cikinmu, har ya aurar da jikoki. Ranar da za a yi masa wanka, ni na cire karan nan, ya bushe ƙamas. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya sanyaya makwancinka.